Babban ɗa ya kwashe duka: yadda manyan karkarar Ingila suke gadon ƙasa

Abu Safwan:
Salamu alaikum mutanen zaure. Wata magana ce ta tsaya mini a rai tun ranar Asabar. Mun je ƙauye rabon gonar kakanmu, wadda aka yi shekara da shekaru ana ɗaga rabonta, har wasu magadan suka rasu, 'ya'yansu suka shigo layi. Da aka gama ja da igiya, akwai wanda abin da ya samu ko akuya ya ɗaure a ciki sai ta ci shukar maƙwabci. A hanyar dawowa wani ɗan baffana ya ce ai shi ya sa Turawan Ingila suka fi mu wayo, su babban ɗa ke kwashe ƙasa gaba ɗaya, shi ya sa za ka ga gida ɗaya riƙe da fili ɗaya shekara ɗari huɗu. Na yi shiru don ban da abin cewa. Masana, haka abin yake? In haka ne, ƙanne da mata fa, iska suke sha?

Ɗan Kwari:
In dai haka ne Allah na gode maka da ba a Ingila aka haife ni ba. Ni ne na 11 a gidanmu. Da yanzu ina bakin ƙofar Yaya ina jiran kuɗin cefane.

Barista Hauwa:
Wa alaikumus salam. Malam Abu Safwan, ɗan baffanka ya faɗi rabin gaskiya, rabin da ya bari kuwa shi ne mai daɗin. A dokar gargajiyar Ingila, in mutum ya mutu bai bar wasiyya ba, ƙasa ta babban ɗa namiji ce shi kaɗai. In babu namiji, 'ya'ya mata su raba daidai a tsakaninsu, babba ba ta fi ƙarama ba. Amma wannan hukuncin ƙasa ne kawai. Kuɗi, dabbobi, kayan ɗaki, azurfa, duk hukuncinsu daban, kotunan coci ne ma ke duba wasiyyarsu. Dokar 1670 ta ce in ba wasiyya, matar mamaci ta ɗauki sulusin waɗannan kayan, 'ya'ya maza da mata su raba sauran daidai wa daida.

Sannan ba ko'ina ne babban ɗa ke ci ba. A yankin Kent 'ya'ya maza raba ƙasa suke yi daidai. Akwai kuma garuruwa da ƙauyuka, musamman wajen Sussex, da auta ne ke gaje gida.

Abin da nake so ku riƙe shi ne shekara biyu, 1540 da 1660. A 1540 sarki Henry na Takwas ya sa hannu a dokar da ta ba mutum damar yin wasiyya da ƙasarsa: duka in ƙasar ta haraji ce, kashi biyu cikin uku in irin wadda aka riƙa daga sarki bisa sharaɗin hidimar yaƙi ce. A 1660 aka soke wancan riƙon na yaƙi gaba ɗaya. Daga ranar babu dokar da ta hana Bature raba gonarsa ga 'ya'yansa goma in ya ga dama. Suka ƙi. Su da kansu suka riƙa biyan lauyoyi don a ɗaure musu hannu.

Ɗan Kwari:
Tsaya Barista, auta kika ce? Ina ne Sussex ɗin nan, mota nawa ake shiga?

Ustaz Nafi'u:
Kafin a yi nisa, Malam Abu Safwan ka gaya wa ɗan baffanka ya iya bakinsa. Rabon gado ba dabarar mutum ba ce a wurinmu, Allah ne ya raba da kansa a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176. Karanta tarihin wasu ba laifi, ni ma ina biye. Amma kalmar "sun fi mu wayo" a kan abin da nassi ya yanke, akwai gyara a cikinta.

Abu Safwan:
Allah ya gafarta Malam, na karɓi gyara, kuma zan isar. Ni fahimta nake nema.

Baban Ummi:
Bari in sa baki tunda ina zaune a arewacin Ingila shekara tara ke nan. Da farko a san su wane ne ake magana. Ba manyan sarakuna masu kujera a majalisar lod-lod ba, waɗannan 'yan kaɗan ne. Ajin da ke ƙasa da su ne, waɗanda suke kira jentiri: masu ƙasa a karkara da ba sa noma da hannunsu, haya suke karɓa daga manoma, su ne alƙalan sulhu na yanki, su ne ke cika majalisar wakilai. Wani mai ƙididdiga, Gregory King, ya yi kiyasin shekarar 1688: gidajen lod 160, baronet (masu laƙabin Sa na gado) 800, masu laƙabin Sa 600, sai na ƙasa da su 3,000, sannan gama-garin masu asali 12,000. Ya ce na ƙarshen nan yana samun kamar fam 280 a shekara, alhali iyalin ɗan ƙodago fam 15 ne. Ku duba tazarar.

Da yawansu kuma ba tsofaffin gidaje ba ne kamar yadda suke nunawa. Tsakanin 1536 da 1540 Henry na Takwas ya rushe gidajen zuhudu na cocin Katolika ya ƙwace filayensu, da yaƙi ya ci masa kuɗi ya shiga sayarwa. Lauyoyi da fatake da masu tumaki suka saya. Jikokinsu su ne suka zo suna hura hanci da asali.

Na taɓa raka wani abokina ɗakin adana takardun tarihi na wani yanki, aka fito masa da takardar auren wani gida ta ƙarni na 17. Ba takarda ba ce ma, fatar tunkiya ce, shimfiɗa uku an ɗinke su ta ƙasa, kowace ta kai faɗin darduma. Sai da aka ɗora mata wasu 'yan buhunan nauyi a kusurwa don ta ƙi miƙewa. Saman fatar a yanke yake kamar tafiyar maciji, ma'aikaciyar ta ce asalin al'adar shi ne a rubuta kwafi biyu a fata ɗaya a raba, kowane ɓangare ya riƙe nasa, ran rigima a haɗa a gani ko bakin ya dace. Na leƙa ina neman inda aka ambaci amarya. Sunanta ya fito, amma kusan duk rubutun maganar gonaki ne, da injin niƙa, da wanda zai gada in wane bai haifi namiji ba, in shi ma bai haifa ba sai wane, har kan 'ya'yan da ba a ko yi cikinsu ba.

Malam Tukur:
Ɗan Kwari, kukan da kake yi an riga ka. Wajen 1600 wani Thomas Wilson, shi ma ƙane ne a gidansu, ya rubuta cewa babban wa ya zama ubangidansa, shi ke kwashe komai, ƙane kuwa sai abin da kyanwa ta bari a kan tarin hatsi. Amma a wurin ya amsa cewa wannan ne ke sa ƙanne su tashi su nemi ilimi ko aikin soja, har wani lokaci su zo su fi yayyensu.

Hanyoyinsu sanannu ne: limancin coci, lauya, soja, ko a biya wa yaro kuɗin koyon fatauci wurin wani attajiri a Landan. Wasu kuma su haye teku. Misalin da na fi so shi ne gidan Washington. Lawrence Washington, mai fataucin ulu a Northampton, ya sayi Sulgrave wajen 1539, kuma filin na gidan zuhudun da aka rushe ne, kun ga maganar Baban Ummi ta fito. Wani daga cikin zuriyarsa, shi ma Lawrence, ƙane ne, ba shi da rabo a ƙasa, ya zama limamin cocin Purleigh a Essex. A 1643 lokacin yaƙin basasa 'yan majalisa suka kore shi don yana bayan sarki. Ɗansa John ya ga ba gona ba mumbari, ya shiga jirgin fataucin taba, ya sauka Virginia wajen 1657. Jikan ɗansa... a'a, bari in daidaita: John ya haifi Lawrence, Lawrence ya haifi Augustine, Augustine ya haifi George, shugaban Amurka na farko.

Anti Rabi:
Duk na ji, ƙanne maza sun sha wahala, sannu. Amma su aƙalla an buɗe musu ƙofar makaranta da ta jirgi. Mace fa? Barista ta ce in ba namiji mata ke rabawa. To in uba ya ga 'ya mace gare shi tilo, yana bari ta ci, ko zagayewa yake?

Baban Ummi:
Anti, kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Akwai wani gari Skipton, ba nisa da inda nake, na kai yara gidan sarautarsa har sau biyu. A tsakar gidan akwai wata bishiya da aka kewaye da dakalin dutse, wata mata ce ta dasa ta a 1659, har yau tana nan da ranta. Sunan matar Anne Clifford. Gidansu ya ɗara jentiri, basarake ne ubanta, amma labarinta ya amsa tambayarki tsaf.

An haife ta a 1590. 'Yan'uwanta maza biyu sun mutu suna yara. Ubanta George, basaraken Cumberland, mutumin teku ne mai kashe kuɗi, ya rasu a 1605 tana da shekara 15. A wasiyyarsa ya ba ƙanensa Francis ƙasar, ita kuma ya yanka mata fam 15,000. Matsalar ita ce tun zamanin sarki Edward na Biyu an ɗaure ƙasar a kan ta bi 'ya'yan cikinsa, namiji ko mace, don haka ba shi da hurumin kautar da ita. Uwarta Margaret ta sa aka shiga tono tsofaffin takardu. Aka yi ta shari'a. Mijinta na fari, basaraken Dorset, ɗan caca ne bashi ya yi masa katutu, shi so yake ta sa hannu a karɓi kuɗi a huta. Ya yi lallashi, ya yi fushi, har 'yarta ya raba ta da ita na wani lokaci. A 1617 sarki James da kansa ya kira su ya ce su bar masa maganar ya yanke. Kowa ya amince, ita ta ce ba za ta rabu da ƙasar gadonta ta Westmorland ba muddin tana numfashi. A gaban sarki fa. Sarki ya yanke wa baffanta, miji ya karɓi kuɗin.

Sai ta zauna jira. Baffan ya mutu, ɗansa Henry ya gada, shi ma ya mutu a 1643 bai bar namiji ba, ƙasa ta dawo hannunta bayan shekara 38. A 1649 tana dab da sittin ta tattara ta koma arewa, ta gyara gidajen sarauta biyar da suka lalace: Skipton, Appleby, Brough, Brougham da Pendragon. Ta sa aka haɗa manyan kundaye uku na tarihin gidansu, kwafin kowace takardar mallaka tun daga kakannin farko. Ta rasu a 1676 tana da 86, a ɗakin da aka haifi ubanta.

Anti Rabi:
Kai! Mai haƙuri yakan dafa dutse. Amma ka lura ba kotu ce ta ba ta ba, mutuwa ce ta ba ta. Da Henry ɗin ya bar namiji ko guda, da sai dai ta mutu da kundayenta.

Barista Hauwa:
Haka ne Anti. Ki ƙara da cewa a dokarsu mace in ta yi aure ita da mijinta mutum ɗaya ne, kuma mutumin shi ne mijin. Kuɗinta nasa, amfanin gonarta nasa muddin suna tare. Lokacin da mace ke da ƙarfi shi ne bayan miji ya mutu. Tsohuwar doka ta ba ta cin sulusin ƙasarsa har ta mutu. Daga baya manyan gidaje suka maye gurbin wannan da ciniki tun kafin ɗaurin aure: uban amarya ya kawo dunƙulen kuɗi, gidan ango su rubuta abin da za a riƙa ba ta duk shekara in ta rasa miji. A ƙarshen ƙarni na 17 abin da aka saba shi ne kamar fam 100 a shekara kan kowace fam 1,000 da ta shigo da ita. Shi ya sa magaji ba ya son kishiyar uwa mai tsawon rai.

Wadda ta iya wannan wasa ita ce Bess ta Hardwick, 'yar ƙaramin gida a Derbyshire. Ubanta ya mutu tana jaririya. Aure huɗu ta yi, kowane miji ya fi na baya arziki, duka kuma ta binne su. Ɗan'uwanta da ya gaji gidan ubansu bashi ya kai shi kurkuku ya mutu a can, ita ta sayi gidan ta gina wani katafare a gefensa. Babban ɗanta Henry ba sa shiri, amma gidan ubansa na Chatsworth an riga an ɗaure a kansa, ba ta iya hana shi ba, sai ta tara wa na biyun, William, duk abin da ke hannunta. Daga baya Henry ya sayar wa William. Zuriyar William ce a Chatsworth har gobe.

Akwai kuma abin da ya fi ba ni haushi, riƙon marayu. In mai riƙe da ƙasar sarki ya mutu magajinsa bai kai 21 ba, yaron da ƙasar sun koma hannun sarki. A 1540 aka kafa kotu sukutum don wannan. Sarki sayar da riƙon yake yi. Wanda ya saya ya ci amfanin gona, kuma shi ke zaɓa wa yaron mata, sau da yawa 'yarsa. William Cecil, babban wazirin sarauniya Elizabeth, shi ya shugabanci kotun daga 1561 har ya mutu a 1598, kuma maraya mafi tsoka da ke gidansa, basaraken Oxford, 'yarsa Anne ya aura a 1571.

Ustaz Nafi'u:
Inna lillahi. Dukiyar maraya ce aka buɗe wa ofis da akawu?

Abu Safwan:
To ni yanzu inda na tsaya shi ne kundayen matar nan. Me ya sa suka damu da tarihin gida haka? Na ɗauka sha'awa ce irin ta masu kuɗi.

Malam Tukur:
Ba sha'awa ba ce ƙanena, makami ne. Inda gado ke bin layi ɗaya, wanda ya iya nuna cewa kakansa ya girmi kakanka da shekara ɗaya ya kwashe komai. Salsala takardar kotu ce. Gidan Berkeley sun fara rigima a 1417 lokacin da mai gidan ya mutu ya bar 'ya mace da ɗan ƙanensa. Ba a rufe maganar ba sai 1609, shekara 192. A tsakiya har yaƙi suka gwabza a Nibley Green a 1470, aka kashe jagoran ɓangare ɗaya.

Sannan akwai hukuma. Sarki na da sanƙirorinsa masu kula da tambarin gidaje, an ba su takardar kafuwa tun 1484. Daga 1530 zuwa 1688 sukan fita rangadi yanki-yanki. Su sauka a masauki a babban gari, a aika wa duk mai kiran kansa mai asali ya zo da hujja: tsofaffin takardu, hatimi, jerin iyaye. Wanda ya gamsar a rubuta shi a kundi. Wanda ya kasa, a sa shi ya sa hannu cewa shi ba kowa ba ne, a yi shelar sunansa a bainar jama'a. Suna da ikon farfasa tambarin ƙarya ko a kan kabari yake.

Amma sanƙira ma mutum ne, yana cin abinci. Gidan Spencer, gidan su gimbiya Diana, da kiwon tumaki suka yi arziki, suka sayi Althorp a 1508. A 1595 wani babban sanƙira, Richard Lee, ya ƙera musu salsala da ta haɗa su da Despenser, wani tsohon gidan sarauta na ƙarnonin baya. Sai a 1901 wani mai bincike, Horace Round, ya warware ɗinkin zare-zare. Mutanen zamanin ma ba su ruɗu ba. A 1621 a zauren majalisar lod-lod, basaraken Arundel ya gori Robert Spencer cewa lokacin da ake manyan al'amura kakanninsa kiwon tumaki suke. Spencer ya mayar masa cewa lokacin da nasa ke kiwo, na Arundel cin amanar sarki suke ƙullawa. Ya kuwa san inda ya soka, don an fille kan kakan Arundel a 1572 kan wannan laifin.

Shi kansa laƙabin saye ake yi. A 1611 sarki James ya ƙirƙiro sarautar baronet, farashi fam 1,095, wai kuɗin riƙe soja 30 na shekara uku a Ulster, arewacin Ireland.

Ɗan Kwari:
Ashe ba mu kaɗai ba ne. Ni na san wani a kasuwa, da kakansa dillalin jakuna ne kowa ya sani, tunda ya yi kuɗi sai ga hoton bishiya a falo, saiwarta har Bagadaza.

Admin:
Ɗan Kwari a kiyaye. Ba a kama suna ba, kada a kama. A ci gaba.

Barista Hauwa:
Bari in koma kan abin da na fara, don shi ne amsar Malam Abu Safwan. Ɗaure ƙasa a kan zuriya ya samo asali daga dokar 1285. Amma alƙalan Ingila ba sa son ɗauri na har abada, kafin ƙarshen ƙarni na 15 lauyoyi sun gano wata shari'ar wasan kwaikwayo da ake shiryawa a kotu, magaji ya kwance ɗaurin ya sayar. To ya za a yi da magaji mashayi ko ɗan caca?

Wajen 1650, lokacin da yaƙin basasa ya sa ana ƙwace filayen magoya bayan sarki, lauyoyi irin su Orlando Bridgeman suka gyara wata dabara. Uba ba mai ƙasa ba ne, mai ci ne kawai har ya mutu. Mallakar tana jiran babban ɗansa. Ɗan ya kai 21 ko ya tashi aure, ba shi da ko sisi sai abin da uba ya ba shi. Sai uba ya ce: zan yanka maka kuɗin shekara tun yanzu, in ka yarda mu kwance ɗaurin tare mu sake ɗaurawa, kai ma ka zama mai ci kawai, mallaka ta koma kan ɗanka da ba a haifa ba. Yaro na son aure, ya sa hannu. Bayan shekara talatin shi ma ya yi wa nasa ɗan haka. A cikin takardar ake rubuta kuɗin auren kowace 'ya, da abin da za a sallami kowane ƙane, da na matar uba, duk a wuyan ƙasar. Irin fatar da Baban Ummi ya gani ke nan.

Don haka babban ɗan da kuke wa hassada mai gadi ne. Ba ya iya sayarwa, wani lokaci ko manyan itatuwa ba zai sare ba sai takarda ta yarje masa, ga bashin ƙanne mata yana jiransa tun ranar jana'iza. Gadon gida alal ga raggo. Ba shi suke karewa ba, sunan gida da dunƙulewar fili suke karewa. Har in namiji ya ƙare, sukan sa wa mijin 'yar sharaɗin ya ajiye sunansa ya ɗauki nasu. Hugh Smithson ya auri magajiyar gidan Percy a 1740, bayan shekara goma ya wayi gari sunansa Percy.

Baban Ummi:
Amma Barista a faɗi gaskiya, dabarar ta yi musu aiki. Fili ya zauna a dunƙule, mai shi ya iya zuba kuɗi a magudanan ruwa da shinge, ya ba manomi haya mai tsawo. Gonar da aka yanka gida 23 wa zai kai mata tarakta?

Malam Tukur:
Ta yi wa wa aiki? Nan ne ba mu jitu ba, Baban Ummi. Dunƙulewar nan ba daga hana ƙanne kaɗai ta zo ba, har da haɗiye gonakin ƙananan manoma da killace makiyayar gari. Jikan mai 'yar gonarsa ya koma ɗan ƙodagon da King ya rubuta wa fam 15. Kuma ɗaurin bai hana gida faɗuwa ba. Gidan Paston na Norfolk sun taso daga manomi, suka yi alƙali, suka kai har sarautar Yarmouth a 1679. A 1732 na ƙarshensu ya mutu ba ɗa namiji a raye, bashi ya cinye komai, aka sayar. Mu gidajen da suka tsira muke gani mu ce dabara ce, waɗanda suka nutse ba mai kai yara yawon buɗe ido can.

Baban Ummi:
Na karɓi ta Paston. Ta killace makiyaya kuwa wata muhawarar ce, kada mu haɗa.

Ustaz Nafi'u:
Ni abin da na tsinta shi ne, matsalar Malam Abu Safwan ba ta rabo ba ce, ta yanka ce. Shari'a ta ce kowa a ba shi haƙƙinsa, ba ta ce dole sai an ja igiya a gona ba. Magada na iya barin ta a haɗe su raba amfani gwargwadon kaso, ko ɗaya ya sayi na sauran da yardarsu, ko a yi mata kuɗi. Iyayenmu da ke noman gandu ai sun san wannan. Sharaɗin kawai kada a danne mace ko maraya da sunan kada gona ta lalace.

Barista Hauwa:
Allah ya saka, Malam. Kuma kada a ɗauka abin ya tsaya can nesa. Dokokin Ingila da ke aiki ranar 1 ga Janairu 1900 an shigo mana da su Najeriya, ciki har da dokar wasiyya ta 1837, jikar waccan ta 1540. A 1971 Kotun Ƙoli ta yanke a wata shari'a da ta taso daga Arewa cewa Musulmin da ya rubuta wasiyya a ƙarƙashin wannan doka yana iya raba dukiyarsa yadda ya so, ko ya saɓa wa rabon Malikiyya. Sai daga baya wasu jihohi suka yi nasu dokokin suka toshe ƙofar. Su kuwa Ingila sun soke fifikon babban ɗa a gadon da ba wasiyya tun 1925. Virginia da John Washington ya gudu can ta riga su, 1785.

Anti Rabi:
Abu Safwan, tambaya ɗaya. A rabon naku na ranar Asabar, gwaggwanninka an auna musu nasu a gonar, ko an ce musu za a gani?

Abu Safwan:
Anti, biyu an auna musu. Ta ukun tana aure a Maraɗi, ba ta samu zuwa ba, baffa ya ce zai riƙe mata.

Anti Rabi:
Ba ni lambar baffan ta akwatin sirri.